Sunan Malam a Gaba

Litinin, 1 ga Agusta 1994, bayan azahar

Wasiƙar gidauniya ta zo. Darakta ya kira ni ofishinsa, ya sa aka kawo mini shayi, abin da bai taɓa yi ba a shekara goma sha uku da na yi a cibiyar nan. Tun daga shayin na san ba lafiya ba.

Bari in rubuta abin da ke cikinta sau ɗaya, ko na huta da maimaita wa kaina. Turawan gidauniyar da ke riƙe da ɗakin bincikenmu na ciwon dajin hanta sun ji cewa shugabanmu, Malam Balarabe Sambo, ya kwanta ciwo, ba zai koma aiki ba. Za su ci gaba da riƙe ɗakin ne kawai idan wanda zai gaje shi sananne ne a wurin masana. Ma'auninsu kuwa wani ƙaton kundi ne da ake bugawa a can duk shekara, mai ƙirga sau nawa masu bincike na duniya suka ambaci aikin mutum a nasu rubutun. Sun duba. B. Sambo, 341. H. Inuwa, 4.

H. Inuwa ni ce. Maƙala goma sha takwas muka buga ni da Malam, kuma babu ɗaya a ciki da ba ni na ɗebi jininta, na auna, na rubuta ba.

Sun ba mu zuwa 31 ga wata mu kawo hujja. In babu, a rufe ɗakin, a kashe firiza. Jinin marasa lafiya ɗari shida da goma sha biyu ne a cikinta, na shekara goma sha ɗaya, kuma fiye da rabinsu sun riga mu gidan gaskiya.

Na shanye shayin. Sukari ya yi masa yawa.

Talata, 2 ga Agusta, ƙarfe goma sha ɗaya na safe

Na je laburare wurin Malam Haruna, wanda ya fi kowa sanin kan littattafan nan. Ya ɗaga shafukan da suka aiko kusa da taga, domin rubutun ƙanana ne kamar ƙwan sauro.

"Dakta, kundin nan sunan farko kawai ya sani," in ji shi. "Ko ku biyar ne a kan maƙala, na gaba shi ke kwashe ladan duka. Sauran 'yan rakiya ne."

Na tambaye shi huɗun nan nawa daga ina suka fito. Ya ce daga 'yar gajeriyar wasiƙar da na aika wa mujalla ni kaɗai, shekarar da Malam ya tafi aikin Hajji. Sai ya duba ƙofa, ya rage murya, ya ce, "Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Allah dai ya saka miki."

Ban ce amin ba. Amma ban gyara masa zancen ba kuma.

Laraba, 3 ga Agusta, da yamma

Firiza na aiki.

Alhamis, 4 ga Agusta, bayan magariba

Maigidana, Baban Zainab, ya saurare ni har na gama, yana gyaran fitilar da ta ƙi ci. Shi malamin lissafi ne, duk abin duniya a wurinsa in ka haɗa biyu da biyu ka gama.

"Ki je Rigachikun ki gaya wa Malam ya rubuta musu cewa ke kika yi aikin," ya ce. "Shafi ɗaya ne. Mene ne abin wahala?"

Abin wahala shi ne Malam ba shugabana ba ne kawai. Abokin Baba ne tun suna samari. Lokacin da na gama sakandare, shi ne ya zauna a shagon ɗinkin Baba a Kinkinau yamma uku a jere, yana riƙe masa bakin yadi, har Baba ya yarda in tafi jami'a. Har yau 'yar tela yake kira na in babu baƙi. Yaya zan tsaya a kan mutumin da ke kwance, in ce ya gaya wa Turawa rigar da suka san shi da ita ta aro ce?

Na gaya wa Baban Zainab haka. Ya ce, "To, Dakta, kunya dai ba ta sanyaya jini." Ya yi gaskiya, kuma na ji haushinsa don ya yi gaskiyar.

Asabar, 6 ga Agusta, bayan la'asar

Na je. Saboda wahalar man fetur ɗin nan sai da na yi awa biyu a tashar Kawo kafin a sami motar da ta tashi, ga ruwa ana ta yi ba ƙaƙƙautawa.

Malam ya rame. Gefensa na dama ya shanye, bakinsa ya karkace, in ya yi magana sai matarsa Hajiya Ladi ta kai kunne ta faɗa mini abin da ya ce. Amma kalmar farko ban nemi mai fassara ba.

"Firiza?"

Na ce lafiya lau take, Malam. Ya lumshe ido.

Na ɓare masa lemo, ya sha ɓari biyu. Hajiya ta ba ni labarin akuyarta da ta haifi uku. Na zauna har aka kira la'asar, wasiƙar gidauniya na cikin jakata a kan cinyata. Da ita na tafi, da ita na dawo.

Litinin, 8 ga Agusta, ƙarfe ɗaya na rana

Magana ta zaga cibiya. Da na shiga ɗakin shan shayi aka fara yi mini sannu kamar wadda aka yi wa rasuwa. Wani ya ce haka manya suke, su ci guminka su bar ka da sannu. Wata ta ce ita tun da can ba ta yarda da yawan fara'ar Malam ba. Mutanen da har watan jiya suke tashi tsaye in ya shigo.

Na yi shiru, na sunkuyar da kai yadda wanda aka zalunta yake yi. Kuma na ji daɗin tausayin. Wannan shi ne abin da ya fi ba ni kunya, shi ya sa na rubuta shi.

Da na fito na haɗu da Delu mai tafireta a baranda. Shekara ashirin ta yi tana buga takardun cibiyar nan, duk maƙalunmu ta hannunta suka bi. Ta gaishe ni a taƙaice, ta dube ni ta saman tabarau, ta wuce.

Laraba, 10 ga Agusta, bayan azahar

An ɗauke wuta tun jiya da la'asar, janareta kuma babu mai. Na shiga Rafin Guza da sassafe wurin mai sayar da ƙanƙara, na ɗauki amalanke guda, na bi shi a ƙafa cikin taɓo har cibiya. Na jera ƙanƙarar a kan akwatunan jini, na lulluɓe firiza da barguna biyu na gida.

Ina cikin jerawa na ga lamba 77. Na san ta ba sai na duba littafi ba. Kande ce, mai ƙuli-ƙuli a Rafin Guza ɗin, wadda ta zo mana da ciki a kumbure a 1984. A jininta muka fara ganin gubar da funfunar gyaɗa ke bari a hanta. Ranar da na ɗebi jinin ta riƙe hannuna ta ce, "Likita, in kin gama da shi, me zai zama?" Na ce mata zai zama ilimi, wasu su tsira. A lokacin na ji na yi magana mai kyau. Ta rasu kafin kaka.

Sau casa'in da ɗaya aka ambaci maƙalar da jininta ke ciki. Babu sunanta, nawa ma ba a ƙirga ba.

Wuta ta dawo ƙarfe biyu. Firiza na aiki.

Asabar, 13 ga Agusta, da safe

Ban je Rigachikun ba. Na ce wa Baban Zainab babu mota. Akwai mota.

Talata, 16 ga Agusta, bayan la'asar

Darakta ya sake kira na, wannan karon babu shayi. Saura kwana goma sha biyar.

Ya ce tunda Malam ba ya iya rubutu, ni in rubuta bayani da hannuna cewa ya yi amfani da girmansa ya sa sunansa a gaba a kan aikina. Mutum biyu a cibiya sun ce za su sa hannu a matsayin shaidu. Ya ce Turawa suna ɗaukar irin wannan ƙorafi da muhimmanci, ya fi wasiƙar yabo ƙarfi.

"Ai ba ƙarya za ki yi ba, Dakta. Kowa ya san yadda manya ke yi. Kuma shi me zai rasa yanzu?"

Na ce zan yi tunani. A gida na zauna na rubuta shafi ɗaya da rabi. Na zuba shi tiryan-tiryan, har na yi mamakin kaina. Na tuna da lamba 77 na ƙara wani sakin layi.

Alhamis, 18 ga Agusta, ƙarfe goma sha biyu

Na kai wa Delu ta buga. Ta karanta tun daga sama har ƙasa, ta cire tabarau, ta ninke takardar biyu, ta turo mini ita ta kan tebur.

"Dakta, ba zan buga wannan ba."

Na ce umarnin Darakta ne.

"Ko umarnin wa ne. Ni na yi shiru duk kwanakin nan, domin ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Amma da wannan tafiretar? Ke kin manta ne, ko ni kike so in manta?"

Ta ci gaba da magana. Sauran ba zan rubuta ba.

Juma'a, 19 ga Agusta, da yamma

Firiza na aiki. Ban ci abinci ba.

Asabar, 20 ga Agusta, bayan magariba

Na je Rigachikun, ban san me zan ce ba. Ashe Malam Haruna ya riga ni, ya zo dubiya ranar Laraba, kuma bakinsa ba ya riƙe magana. Malam ya san da wasiƙar, ya san da lambobin, ya san abin da ake faɗa a ɗakin shan shayi.

Bai tambayi firiza ba. Ya yi wa Hajiya nuni da hannun hagu, ta jawo akwatin ƙarfe daga ƙarƙashin gado, ta ɗauko wani tsohon ambulan ta miƙo mini.

Shafin farko ne na maƙalarmu ta farko, ta 1983, kafin a kai wa Delu. A ƙarƙashin take, da rubutun Malam, an sa H. Inuwa, sannan B. Sambo. An zagaye sunansa da jan biro, an ja kibiya an kai shi gaba. A gefe kuma ga rubutu: "Delu, sunan Malam a gaba." Rubutuna ne.

To, tunda ranar wanka ba a ɓoyon cibi, bari in rubuta abin da na yi kwana ashirin ina kewayawa.

Shekaruna ashirin da bakwai a lokacin. Ya ba ni takardar in kai a buga, na duba a hanya na ga sunana a gaban nasa. Sai na ji kamar an sa ni a kujera, Baba yana zaune a tabarma. A gidanmu ko takalmi ba ma ajiyewa a gaban na babba. Na ari jan biro a teburin Delu na gyara. Da mujalla ta aiko da gwajin bugu ya kira ni, ya tambaye ni wane ne ya taɓa sunayen. Na ce, Malam, ba zan iya ba. Ya ce a can ba haka ake karanta shi ba, wanda ya yi aiki shi ke gaba. Na ce su can ne. Na ma ji kaina ya yi girma, wai ga 'yar gidan mutunci.

A maƙala ta biyu ya sake sa ni a gaba, na sake gyarawa. A ta uku ya ce, "Halimatu, wannan ladabin zai ci ki wata rana." Na yi dariya. Shafi biyar ne a cikin ambulan, duka da jan birona. Bayan ta biyar ya daina, ya bar ni da halina. Ban san ya karɓi shafukan daga hannun Delu ya ajiye ba.

Ya yi magana, Hajiya ta kai kunne, amma na riga na ji.

"Na ba ki. Kin mayar."

Na yi kuka a gabansa, abin da ban yi ba ko ranar da Baba ya rasu. Hajiya ta ce, "Ya isa, 'yata, ɗauko biro." Malam ya faɗa, Hajiya ta maimaita, ni na rubuta da Turanci: cewa duk aikin maƙalun goma sha takwas nawa ne, shi ya duba ne ya ba da shawara. Na so in sassauta wani wuri, ya buga katifa da hannu har na rubuta yadda ya ce. Ya sa hannu da hagu. Sai da aka kira magariba kafin ya gama sunansa.

Shafi ɗaya da rabin nan na cikin jakata duk tsawon zaman. A murhun Hajiya na sa shi kafin in fito, ta gani ba ta tambaya ba.

Litinin, 22 ga Agusta, ƙarfe goma na safe

An aika wasiƙar Malam da hotunan shafuka biyar ɗin ta faks.

Daga nan na shiga ɗakin shan shayi na ajiye shafukan a kan tebur, na ce kowa ya duba rubutun waye. Aka riƙa miƙa wa juna. Malam Haruna ya ce, "Allah ya yafe mana." Matar da ba ta yarda da fara'ar Malam ba ta tuna tana da aiki.

Yanzu babu mai yi mini sannu. Ya fi mini.

Alhamis, 25 ga Agusta, bayan la'asar

Babu amsa. Don kada jira ya kashe ni na jawo sakamakon shekara biyun nan na fara rubuta maƙala ta goma sha tara. Hannuna ya san hanya ko da raina ba ya wurin.

Lahadi, 28 ga Agusta, da safe

Ruwa tun asuba. Babu amsa. Baban Zainab ya ce shafuka biyar hujja ce da ko makaho zai gani. Na ce masa kundin ba ya gani, ƙirga kawai yake yi.

Laraba, 31 ga Agusta

Firiza na aiki.

Juma'a, 2 ga Satumba, bayan sallar Juma'a

Amsa ta zo, shafi ɗaya, cike da ladabi. Sun ce labarin ya taɓa zukatansu. Sun ce ba su yi shakkar gaskiyar Farfesa Sambo ba. Amma kwamitinsu da lambar kundi yake aiki, in suka buɗe ƙofar wasiƙu kowa zai kawo tasa. Suna yi mini fatan alheri, kuma in sunana ya fara fitowa nan da shekaru, ƙofarsu a buɗe take.

Darakta ya ce cibiya ba ta da ƙarfin riƙe firiza ita kaɗai, ga man janareta, ga kayan awo. Ya rubuta wa wurare biyu ko za su karɓi jinin, duka sun ce nasu ma ya fi ƙarfinsu. Litinin ta sama za a rufe.

Ban yi gardama ba. Da wa zan yi?

Talata, 6 ga Satumba, ƙarfe goma sha ɗaya

Na gama maƙalar, na kai wa Delu. Ta ɗora takarda a tafireta, ta buga take, ta tsaya. A rubutuna na bar wurin sunaye babu komai.

"Wa zan sa a gaba, Dakta?"

Na tsaya ina kallon kofin birunanta. Jan biro na nan a ciki, ko shi ne ko ƙanensa. Wallahi har yau hannuna ya so ya miƙa.

Na ce ta sa nawa. Ta buga ba ta ɗago kai ba. Daga baya Malam Haruna ya ce ko mujalla ta karɓa, sai shekara biyu ko uku kafin kundin ya fara ƙirga ta.

Litinin, 12 ga Satumba, bayan azahar

Ni na kashe firiza da hannuna, ban bar wa kowa ba. Na karanta lambobin ɗaya bayan ɗaya kafin a kwashe akwatunan a kai wurin ƙonawa, na yi wa masu su addu'a. A 77 na daɗe.

Shekara goma sha ɗaya ina aiki a ɗakin nan, ban san firiza tana da ƙara haka ba sai yau da ta daina. Na kwaso bargunana na dawo gida.

Asabar, 17 ga Satumba, bayan la'asar

Na je Rigachikun. Hajiya ta tare ni a zaure ta ce ba su gaya masa an rufe ɗakin ba, kada in gaya masa. Ya ƙara ramewa, lemon ma ba ya sha yanzu.

Da ya gan ni ya ɗan ɗago.

"Firiza?"

Hajiya ta dube ni. Ban ce lafiya ba. Na buɗe jaka na ɗauko shafin farko na maƙala ta goma sha tara, na sa masa tabaransa, na riƙe masa takardar a gabansa. Ya ɗora yatsan hagu a kan take, ya gangaro da shi a hankali zuwa sunayen. Ya bi su daga farko zuwa ƙarshe, ya dawo ya sake bi. Ya duba gefen shafin, inda jan biro ya saba zama.

Gefen bakinsa mai lafiya ya ɗan motsa. Wannan ma ban nemi mai fassara ba.

"Sai yanzu, 'yar tela?"

Na ce, "Sai yanzu, Malam."

Ya riƙe takardar a ƙirjinsa, ya juya fuska wajen bango. Na zauna har aka kira la'asar. Bai sake tambayar firiza ba.